Shinuwan Mushe Harouna

Ina cikin janye tabarmar daga ƙarƙashin malamina Mushe Harouna sai talho, wayar hannunsa, ta fara kuka a aljihun rigarsa da ke rataye jikin ƙusa. Tabarmar ta manne da fatar cinyarsa, sai da na zuba ruwa daga buta kafin ta saki. Warin da ya taso ya shiga mani har maƙogwaro. Na juya na tofar da yawu a bakin ƙofa, kusa da buhunan dusa.

"Shi ne," in ji Mushe. Bakinsa ya karkace tun ranar da tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi, maganar da ƙyar take fita. "Lawo Fan ne. Kak ka ɗauka tukuna. Sa mani hula."

"Mushe, bari in gama wanke ka."

"Hula, Isufu. Kuma ka tare bangon ga da wani abu."

Bangon duk zanen ƙazanta ne, inda ya riƙa goge hannunsa mai motsi. Akwai shaddar wani mutum a kafaɗata, wadda na fito da ita daga shago ban sani ba. Na warware ta na rataya a bayansa, na share masa fuska, na ɗora masa hula, na ja mayafi har wuyansa.

Ni tela ne. Gidana yana jingine da nasa, shagona kuma yana tsallaken hanya, yana kallon ƙofarsa. Shi ya koya mani ɗan Ingilishin da nake da shi a kolej, kafin in bar lakwal, makarantar boko, in kama ɗinki. Mushe muke ce wa malamin lakwal a nan. Rabin ma'aikatan Dakoro ta hannunsa suka bi. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya rasa wanda zai yi Ingilishi da shi. Babban ɗansa Sharfaddeen, mai aiki da wani proje, shirin raya ƙasa, a Yamai, ya aiko masa da babbar talho, shi kuma ya yi ta lalube har ya faɗa wani dandali na masu koyon harsuna. A can ya gamu da Fan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a ƙasar Sin. 'Yarsa tilo ta auri Bature ɗan Ingila, ta haifi yaron da ba ya jin yarensu, shi ne tsohon ya tashi koyon Ingilishi don ya iya yi wa jikansa magana. Mushe ya ce a wurinsu "Lawo" na nufin tsoho, kira ne na girmamawa. Mutanen unguwa dai Shinuwan Mushe suke ce masa, don Shinuwa muke ce wa mutumin Sin.

Da hantsi suke hira, lokacin can yamma ta yi. Mushe yakan ɗauko kujerarsa ya zo gindin dogon yaron da ke ƙofar shagona, don nan rezo ya fi kyau, talho ta fi kamawa. Ina taka keke ina jinsu. In Fan ya faɗi abin mamaki sai Mushe ya juyo ya fassara wa masu zaman shago.

"Kun ji wata. Ya ce da ya tahi Ingila, uwar surukinsa tana wani gida na tsohwahhi. Ɗanta na zuwa ganinta ran Lahadi da furanni. In ita ke son zuwa gidansa, sai ta yi talho ta nemi izini."

"Uwar da ta haihe shi?" in ji wani.

"Ita hwa. Kuma kowa da harantinsa, kowa da ɗakinsa. Surukin nan da sunansa yake kiransa, Fan, gatsau, kamar abokin wasansa. Ya ce har abinci ya hita ransa."

"To su Shinuwa hwa?"

"Su da sauƙi. Kaka ke renon jika. Abinci a tsakiya ake aje shi, kowa ya kai sandunansa na cin abinci, babba shi ke fara ɗauka. In sabuwar shekararsu ta zo, dut wanda ke nesa sai ya koma gida, ko a tsaye ne cikin jirgi. Lawo Fan ya ga wannan da idonsa, aikinsa ne." Sai ya gyara zama, ya ɗaga yatsa kamar yana gaban allo. "Na ce mashi ku kun hi Turawa, amma mu mun hi ku duka. A Dakoro tsoho bai kwana shi kaɗai. Ɗiya maza biyu gare ni."

Ana cikin haka wata rana Mushe ya faɗi a ƙofar masallaci. Aka kai shi Maradi, aka dawo da shi rabin jiki a shanye. Da farko gidan ya cika da masu dubiya. Da ƙafa ta ɗauke, ƙaramin ɗansa Jibril, wanda ke zaune a gidan da matarsa Kausar yana kiwon ragunan layya, ya fitar da shi daga ɗakinsa ya kai shi ɗan ɗakin da ke jikin zaure, inda ake ajiye dusa da harawa. Ya ce don masu dubiya kada su riƙa ratsa mata.

Ran nan matata Hawa ta same ni a shago.

"Malam, tun sahe tsohon nan ke kiran Jibril. Ta katanga nike jinsa. Muryar har ta dishe."

Na tashi na shiga. Na tarar da Jibril a tsakar gida ya tuɓe riga, yana wanke wani farin rago da sabulu da buroshi, yana bi har tsakanin kofato.

"Baba na kira," na ce.

"Na ji shi. Bari in gama da wanga, kumfa na shiga idonsa."

Shi ne na tura ƙofar ɗakin dusa, na tarar da abin da na tarar.

Da na gama sa masa hular, na danna talho na riƙe ta daidai fuskar Mushe. Lawo Fan ya bayyana, siririn tsoho mai farin gashi da tabarau, a bayansa tukwane rataye a bango. Ingilishinsa a hankali yake fita, kalma kalma, shi ya sa nake gane shi.

"Malam Harouna, ka ɓace. Na yi ta kira."

"Ciwo ne kaɗan," in ji Mushe. "Ina samun sauƙi. 'Ya'yana suna kula da ni ƙwarai. Ga ɗaya nan ma riƙe da talho."

Ƙuda ya sauka a gefen bakinsa inda yawu ke tsiyaya. Hannunsa mai motsi yana riƙe da mayafi, bai iya saki ya kore shi ba. Wani ƙudan ya zo ya samu na farko. Fan yana kallo. Ya ba shi labarin ruwan sama da aka yi a garinsu, da sabuwar kalmar da jikansa ya koya masa. Kafin ya gama, idon Mushe ya rufe, barci ya ɗauke shi.

Zan kashe ke nan Fan ya ce, "Tsaya. Juyo da ita in gan ka."

Na juyo.

"Na san ka. Kai ne mai keken ɗinki. Wa ke juya shi?"

Ban gane ba. Ya tashi ya ɗauko matashi, ya kwantar a kan tebur, ya mirgina shi dama, ya mirgina hagu. Na girgiza kai.

"Matata ta daɗe kwance da irin wannan ciwon kafin ta rasu," in ji shi. "Ni na yi jinyarta. Nuna mani bayansa."

Malamina ne, kuma barci yake. Amma na riga na ga abin da ke wurin lokacin da nake janye tabarma, kuma ban san yadda zan yi da shi ba. Na mirgina shi a hankali, na ɗaga riga, na rufe ƙasansa da mayafi, na haska wurin. A ƙasan gadon bayansa fata ta ɓare kamar faɗin tafin hannu, tsakiyar ta yi baƙi, gefen yana ruwa.

Fan ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana murza idonsa.

Daga ranar ya zama shi ke koyarwa, ni ke ɗauka. Ya sa na sa shi a tawa talho don ya riƙa turo mani hotuna. A tafasa ruwa a sa gishiri kaɗan, a bari ya huce, a wanke, a busar. Kada a bar shi a gefe guda ya daɗe. Matashi tsakanin gwiwoyi, matashi a ƙarƙashin diddige. Ya ce in nemo ma'aikacin asibiti ya duba, na nemo wani da ke unguwarmu, ya yanke mataccen naman ya rubuta magani. Na tara ƙyallayen shago na ɗinka ƙananan matasai, na ɗinka masa riga mai buɗewa ta baya yadda Fan ya zana mani. In na idar da sallar asuba in shiga, in na ɗan yi ɗinki in sake leƙawa. Hawa tana dama kunu, Kausar tana tafasa ruwa ta ajiye a bakin ƙofa. Cikinta ya tsufa, kuma surukinta ne, ba ta iya buɗe shi.

Ba zan ce na saba da warin ba. Kullum sai na ɗaure hancina da ƙyalle, in na fito kuma abinci ba ya shiga sai can da yamma.

Jibril yakan tsaya daga nesa ya ce, "Allah shi saka, Isufu. Ni wallahi zuciyata ce ba ta ɗauka. Da na shiga sai amai."

Wannan mutumin da hannunsa yake kwashe kashin raguna. Na sha ganinsa ya cusa yatsu cikin bakin rago yana ciro abin da ya maƙale masa a haƙori, ya goge a wando ya ci gaba da cin goronsa. In ya yi mani godiyar nan sai in ji kamar an shafa mani wani abu mai yauƙi a wuya.

Ciwon ya fara kamewa. Mushe ya ɗan yi ƙarfi, har yana iya riƙe talho da kansa in na jingina shi. Wata rana ina naɗe tsummoki a gefe na ji ya ce, "Lawo Fan, gidan nan da uwar surukinka take. Ana canza mata shimfiɗa?"

"Kullum. Akwai masu aikin."

"Tana wari?"

"A'a. Ƙamshin sabulu take. Amma duk yini tana bakin taga tana kallon inda motoci ke tsayawa."

Daga tsakar gida ana jin raguna suna karo da turke.

"Na yi maka ƙarya," in ji Mushe. "Wannan ba ɗana ba ne."

"Na sani. Ni ma na yi maka. Sabuwar shekarar da na ce maka 'yata ta zo da yaron, ba ta zo ba. Na dafa abinci kala kala na jera a tebur, na ɗauki hoto na turo maka, na ci ni kaɗai."

Sai Mushe ya fara dariya, irin ta rabin baki, har tari ya sarƙe shi. Fan ma yana yi, yana share tabarau da gefen riga.

"Kai ka fi ni," in ji Fan. "Ni in na faɗi, babu mai keken ɗinki a tsallaken hanyata."

Ana saura 'yan kwanaki layya aka ce Sharfaddeen na tafe. Tun da safe Jibril ya share babban ɗaki, ya shimfiɗa darduma, ya kunna turaren wuta, ya kira ni muka ɗauko tsohon muka kwantar a kan gado. Aka sa masa babbar riga a kan wadda na ɗinka. Da azahar farar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Sharfaddeen ya shigo yana ƙamshi, ya durƙusa ya gaida ubansa, har da hawaye. Ya karɓi kofin kunu daga hannuna, ya miƙa wa direbansa talho.

"Ɗauki daga nan, haske ya hi kyau."

Ya ɗebo kunu a cokali ya kai bakin tsohon ta gefen da ya mutu. Kunun ya gangaro ta haɓa ya sauka a babbar riga. Direba ya ɗauka. Ya sake ɗebowa, ya karkata kai yana murmushi, direba ya sake ɗauka. Daga nan ya miƙo mani kofin ba tare da ya dube ni ba, ya ciro farar takarda daga aljihu ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar hoton ya shiga intanet, da dogon rubutu da Faransanci a kan yadda mu 'yan Afirka ba ma zubar da iyayenmu. Yaran unguwa suka riƙa nuna mani, mutane ɗari ɗari suna sa masa albarka.

Washegari da hantsi ina juya Mushe, Sharfaddeen yana zaune a kujera yana shan shayi, talho ta yi kuka. Ya riga ni ɗauka.

"A, kai ne abokin Baba na ƙasar Sin." Ingilishinsa mai gudu ne, rabi kawai nake kamawa. Ya yi ta bayani. Na ji yana ambaton Turawa da gidajen tsofaffi, da Shinuwa masu haihuwar ɗa guda, da mu da muke da zumunci. Fan ya bar shi har ya gama.

"Na gode," in ji Fan. "Ka ga bayan babanka?"

"Me?"

"Bayansa. Ka ɗaga rigar ka duba. Ya fara warkewa, amma in aka bar shi kwana ɗaya ba a juya ba, zai koma. Mai ɗinki ba zai iya shi kaɗai ba. Yana bukatar ɗansa."

Sharfaddeen ya kashe talho. Ya ajiye kofin shayi a hankali.

"Isufu. Ta yaya Shinuwa ya san abin da ke bayan ubana?"

"Ni na nuna mashi. Shi ya koya mani yadda ake wankewa."

"Ka buɗe tsiraicin ubana ka nuna ma wani arne a ƙasar Sin."

"Bayansa ne kawai. Ga shi nan kwance, ka zo ka gani da kanka."

Bai taso ba. Ko kallon gadon bai yi ba.

"Mu ba matsiyata ba ne da za a riƙa yawo da mu a duniya. Gobe sai mu ga ubanmu a intanet ana tara mashi sadaka. Mun gode da abin da ka yi. Daga yau ka tsaya shagonka. Zan samo wanda zai riƙa kula da shi." Ya zura talhon tsohon a aljihunsa.

Mushe ya ɗaga hannunsa mai motsi. "Talhona," ya ce. "Sharfaddeen, talhona."

"Baba, hutu kake bukata. Wannan hira da baƙi ita ke tada maka tansiyo."

Da yamma motar ta tafi. Wanda aka ce za a samo bai zo ba. Na je ƙofar gida Jibril ya tare ni, yana kallon ƙasa.

"Yaya ya hana. Ni ke kula da shi yanzu."

Na samu liman na faɗa masa. Liman ya yi wa Jibril magana bayan sallar magariba, Jibril ya rantse cewa komai lafiya. Hawa ta shiga da kunu ta dawo ta ce an mayar da shi ɗakin dusa, don uwar Kausar ta iso zaman haihuwa, an ba ta babban ɗaki. Ta ce matasan da na ɗinka suna tsakar gida, yara na jifa da su.

Kullum da hantsi saƙon Fan zai shigo talhona. "An juya shi yau?" Sai in rubuta, "Ban sani ba." Ina taka keke ina kallon ƙofar gidan. Kwanakin farko muna jin kiransa ta katanga. Daga baya muka daina ji.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin layya, tun da sassafe Jibril ya kora ragunansa, an wanke su fes, an shafa wa ƙahonninsu mai. Ba a daɗe ba sai ga Kausar a ƙofar shagona, ta dafe ƙugu, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ba ta taɓa tsallako hanyar nan ba. Da sunan ɗana ta kira ni.

"Baban Huzaifa, don Allah ka zo. Baba bai ci komi ba tun jiya. Kuma akwai abin da ke motsi a shimfiɗar."

"Jibril bai shiga?"

"Yana miƙa kwano daga bakin ƙohwa. Na yi magana har na gaji. Ni ba ni iya buɗe shi, ka sani."

Da na tura ƙofar sai ƙudaje suka taso gaba ɗaya suka buge ni a fuska. Kwanonin abinci a jere a ƙasa, wasu sun yi fari da tsami, inda hannunsa ba ya kai. Da gani, yana kwance a gefe guda tun ranar da aka mayar da shi nan, ko kuma kusa da haka. Na ɗaga rigar. Ramin ya yi zurfin da ake hango ƙashi, kuma cike yake da tsutsa, farare, suna ta kai da kawo.

Na fita da gudu na yi amai a jikin katanga. Na kurkure baki na koma.

Kausar ta tafasa ruwa, Hawa ta kawo tsummoki. Na wanke, na cire abin da zan iya cirewa. Mushe bai ko yi nishi ba, jikinsa zafi kamar garwashi. Ma'aikacin asibitin ya zo ya duba, ya ja ni waje ya ce ciwon ya shiga jini, sai dai Maradi, kuma ko can ɗin bai yi alkawari ba. Na kira Jibril. Hayaniyar kasuwa ta cika talhon.

"Ana cikin ciniki, Isufu. Mutanen Najeriya sun zo da kamyo, babbar mota. Bari in sallame su, yanzu ina tahe."

Na kira Sharfaddeen, ba a ɗauka ba.

Na koma ɗakin na zauna a ƙasa kusa da kansa. Idonsa a buɗe yake kaɗan.

"Mushe, in kira maka Lawo Fan?"

Ya lumshe ido ya buɗe. Na kira da tawa. Wannan karon ban tare bango ba, shi ma bai nema ba. Fan ya dube shi, ya dubi ɗakin, ya ɗauko wata takarda.

"Malam Harouna, ga ɗalibinka. Na shirya abin da zan faɗa wa jikana ranar Lahadi. Ka saurara ka ji ko daidai ne."

Ya fara karantowa a hankali. Yana ba yaron labarin yadda ya je kasuwa ya sayo kifi, mai kifin ya ba shi ƙaramin kunkuru kyauta. A tsakiya leɓen Mushe ya motsa. Na kai kunnena.

"Mi ka ce, Mushe?"

"Jiya ne," ya ce. "Ya tahi kasuwa jiya. Ya sa kalmar kamar yau ne ya tahi. Shi gyara."

Na faɗa wa Fan da guntun Ingilishina. Ya sake karanta jimlar, ya gyara kalmar.

"Yauwa," in ji Mushe.

Bai sake magana ba. Na ajiye talho, na riƙe hannunsa ina maimaita masa kalmar shahada, Hawa da Kausar suna tsaye a bakin ƙofa. Kafin a kira la'asar ya cika. Jibril ya iso bayan an rufe masa ido, da igiyoyin raguna a naɗe a hannunsa. Na rubuta wa Fan kalma biyu, ban samu amsa ba.

Ni da liman muka yi wankan. Jibril ya tsaya a waje, ya toshe hanci da hularsa yana kuka. Da muka mirgina gawar, liman ya tsaya cak. Ya dubi bayan, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar da Jibril yake bayanta, ya daɗe a haka. Sai ya ce, "Zuba ruwa, Isufu."

Sharfaddeen ya iso washegari, an riga an binne. Aka kafa bash, babbar rumfar tamfol, ta rufe hanya tun daga ƙofar gidan har gindin dogon yarona. Aka jero kujeru, motoci daga Maradi da Yamai, tsofaffin ɗalibai da manyan riguna. Aka yanka ragon da ya rage, aka dafa shinkafa a manyan tukwane. An buga hoton nan na cokalin kunu babba, an jingina a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya gabansa.

"Alhamdu lillahi," Sharfaddeen ke ce wa kowane ayari. "Ya cika a ɗakinsa, a hannun iyalinsa. Abin da ya roƙa ke nan dut rayuwarsa."

"Kun yi ƙoƙari. Allah shi ba ku masu yi maku."

"Amin, amin."

Da ya hango ni ya taso, ya kama hannuna da nasa biyu a gaban mutane. "Ga maƙwabci na gari. Isufu, abin da ya wuce ya wuce." Tafinsa da laushi, da danshin turare. Da ya sake ni na zagaya bayan shago na wanke hannun da sabulu, na sake wankewa, ƙamshin bai fita ba. Aka aiko mana da tire na shinkafa da nama. Hawa ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauka ta miƙa wa masu wucewa.

Ana cikin zaman makokin, da hantsi, talhona ta yi kuka. Na shiga shago na tura ƙofa ɗaya. Fan ne. Ya sa baƙar riga mai maɓalli har wuya, ya taje gashinsa.

"Ka yi haƙuri ban amsa ba," ya ce. "Na rasa kalmomin. Wanda zan tambaya shi ne ya tafi."

"Ba komi."

"Hayaniyar me nake ji?"

"Mutane ne. Sun zo gaisuwa."

"Da yawa?"

"Gari duka."

Ya gyaɗa kai.

"Ta wane gefe aka binne shi? Juya ni can."

Maƙabarta tana bayan gari. Na juya talhon ta wajen, duk da babu abin da ke gabanta sai bangon shagona da rigunan sallah na mutane a rataye, waɗanda ban gama ba. Na leƙo ta gefe ina kallo.

Fan ya ture kujerarsa baya ya miƙe tsaye. Kansa ya fita daga hoton, sai maɓallan rigar kawai da hannuwansa a manne da cinyoyi. A waje wani ya kwashe da dariya, ana kiran a ƙaro nama a tiren manyan baƙi. Sai Fan ya sunkuya, farin gashin ya sauko a hankali har ya cika fuskar talhon, ya tsaya a nan.